Ni Dama, Shi Hagu

Mijina Mordecai ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo da na'urorin ɗakin gwaji a jami'a, nan Samaru, amma fankar falonmu sai an tura ta da taɓarya take tashi. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da nake zaune da shi. Babu na'urar da bai san cikinta ba, kuma idan ka ga ya bar abu a lalace, to ba rashin sani ba ne. Da na riƙe wannan a raina, da ban sha kunyar da na sha ba.

Sunana Martina. Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma duk wanda ya san ni a da ya san bakina ba ya hutawa. A zumuntar mata ta cocinmu, idan ana so a tashi da wuri, ba a ba ni addu'ar rufewa. 'Ya'yanmu biyu ne: Elizabeth da ke aure a Jos, da yayanta Othniel, wanda sunansa ya cinye namu. Tun ranar da aka haife shi na tashi daga Martina na koma Maman Othniel, mijina kuma ya zama Baban Othniel. Da haka muke kiran juna, ko a faɗa ko a raha.

Othniel ya rasu yana saurayi, bai ko yi aure ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu gane inda abin ya dosa an gama. Ba zan tsaya a nan ba, domin har yau ba na iya tsayawa a nan. Abin da zan faɗa shi ne, bayan an watse daga zaman makoki, bakina ya mutu. Ba fushi nake yi da kowa ba, maganar ce ta ƙi zuwa. Ina dafa abinci, ina zuwa coci, ina amsa gaisuwa, shi ke nan. Mijina ya fi kowa shan wahala, don ba ni da sunan da zan kira shi da shi. Da na buɗe baki na ce "Baban," sai sauran ya maƙale mini a wuya. Ƙarshe na koma ajiye masa abinci in ƙwanƙwasa tebur da cokali.

Mun fi shekara a haka. Shi dama ba mai magana ba ne. A aurenmu ni ce mai zuba, shi ne mai gyaɗa kai, don haka da na yi shiru sai gidan ya zama babu abin da ake ji sai kajin maƙwabta.

Wata ranar damina da la'asar ina zaune a kan bencin baranda ina tsince wake, ya fito riƙe da wayar Othniel da farin iyafis ɗinsa, igiyar sauraron nan mai kai biyu da ake sawa a kunne. Tun rasuwarsa wayar tana cikin durowa, ban taɓa ta ba.

"Na kai wa Chuks ya buɗe ta," in ji shi. Chuks abokin Othniel ne tun firamare, yana da shagon wayoyi a Sabon Gari. "Kin tuna Jirgin Iri?"

Na tuna mana. Wani shirin Turawa ne da ake nunawa a talabijin ranar Asabar lokacin Othniel yana ƙarami. Labarin wani ƙaton jirgi ne da ke tafiya tsakanin taurari, ɗauke da irin shuka, masara da wake da alkama, zai kai su wata duniya da mutane za su zauna. Sunan shirin na Turanci dogo ne, Othniel ne ya raɗa masa Jirgin Iri, ya kuma bi shi. Shi da ubansa za su baje a ƙasa gaban talabijin, baki buɗe, ni kuwa in wuce ina tsokanarsu, ina cewa gonakin gwajin Samaru duk ba su ishe su ba sai sun bi iri zuwa sama.

Ashe bayan an daina shirin, masu shi sun ci gaba da labarin a littattafan sauraro. Mutum ɗaya yana karantawa, tsofaffin 'yan wasan kuma kowa yana faɗin nasa da muryarsa, har da ƙarar inji da takun sawu. Othniel ya tara su duka a wayarsa, jere guda mai tsawo. Shi ne abin da yake ji kullum da igiya a kunne, ina yi masa faɗa wai zai kurmance.

Mordecai ya zauna a damana. "Sifikar wayar ba ta aiki," ya ce. "Sai dai mu raba." Ya miƙo mini ɗan kunne ɗaya na sa a kunnena na dama, shi ya sa ɗayan a nasa na hagu. Igiyar gajera ce, dole kafaɗata ta taɓa tasa. Na karɓa ne kawai don abin ya taɓa zama a kunnen ɗana.

Kwanakin farko ban bi labarin ba, ina dai zaune ne. Amma akwai wani tsoho a cikin jirgin, sunansa Haldo, shi ne mai tsaron rumbun iri a can ƙasan jirgin, kusa da injuna. Mita gare shi kamar tsohuwar da aka taka wa shanya. Shi kaɗai yake zama, yana magana da kansa, yana magana da irin, muryarsa tana shigo mini tar a kunne kamar yana zaune a kafaɗata. Sauran mutanen jirgin, da shugabarsu Kyaftin Sefa, daga nesa nake jiyo su, irin yadda ake jin maganar maƙwabta ta bayan katanga. Na ɗauka haka aka yi abin, tunda su suna sama ne. Mai karantawa dai ina jin sa sarai, don haka ban ɓata ba.

Ran nan Mordecai ya tsayar da wayar a tsakiyar babi.

"Wannan Haldo ɓarawo ne," ya ce. "Kyaftin ta ce iri yana ɓacewa a rumbu. Me yake ta ƙunƙuni ne ma? Ban ji shi da kyau ba."

Na ci gaba da kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo.

"To, ɓarawo ne," ya ce, ya kai hannu zai kunna.

"Ba ɓarawo ba ne." Ni kaina na ji muryar kamar ta wata. "Ɗakin sanyi ne ya fara lalacewa, ya faɗa musu sun ƙi saurara. Shi ne yake ɗibar irin kaɗan-kaɗan yana shukawa a tsofaffin takalma kusa da inji, inda akwai ɗumi, don kada ya mutu gaba ɗaya. Mutum yana ceton abincin jikokinsu, kai kana kiran sa ɓarawo. Ina kunnenka yake?"

Ya dai dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ai Kyaftin ma tana da hujjarta." Ya kwashe abin da ta faɗa wa mataimakinta ya gaya mini, wanda ni ban kama ko rabinsa ba. Na ce hujjar banza ce. Waken ranar bai dahu da wuri ba.

Daga nan abin ya zama mana aiki. Da la'asar ta yi, zan ji ya jawo benci, ni kuma in tarar da kaina na riga na wanke hannu. Mu ji babi ɗaya, mu yi musu na babi uku. Ni 'yar Haldo ce, shi ɗan Kyaftin. Zai tsayar ya ce, "Me tsohon naki ya ce?" in faɗa masa, har da kwaikwayon murya. Ni kuma in ce, "Ita uwar ɗakin taka fa, me take ƙullawa?" ya faɗa mini a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai karanta sanarwa a coci. Mun yi musu a kan ko daidai ne a bar wata duniya mai ruwa a wuce don kawai ba ita ce a takarda ba. Mun yi musu a kan wani yaron inji da aka kulle don ya yi ƙarya. Ranar da wake na farko ya tsiro a takalmin Haldo, na yi kuka, kuma wannan ne kukan farko da na yi wanda bai bar ni da ciwon kai ba.

Abu ɗaya ya dame ni, wato kunnen mijina. Yaya za a yi Haldo yana magana ƙarara haka, shi yana cewa bai ji ba? Na yanke hukunci tsufa ne ya kama shi ta kunne. Na sayo man zaitun, in ɗumama a cokali, in sa shi ya kwanta a cinyata in ɗiga masa. Bawan Allah ya kwanta lamo, bai taɓa musawa ba. Na fara ɗaga murya in ina yi masa magana. Na kira Elizabeth na ce babanta ya fara kurmancewa, na yi ta bayani har cajin wayata ya ƙare, ita kuwa tana ta shessheka a can, na ɗauka don kunnen ubanta ne. Na kai maganar zumuntar mata, aka tashi tsaye aka yi wa kunnen Mordecai addu'a da babbar murya.

Bakina ya dawo, kowa ya shaida. Amma sunan nan bai dawo ba. "Kai" nake ce masa, in na ga dama in ce "Malam." Bai taɓa nuna ya lura ba.

Sai dai jeren littattafan yana da ƙarshe, kuma kullum muna matsowa kusa da shi. Ranar da na leƙa fuskar wayar na ga mun shiga na ƙarshe, sai na kawar da ido. Tsoro na ji, tsoro sosai. Wannan ne abu na ƙarshe na Othniel da bai ƙare ba a gidan. Kayansa an raba, ɗakinsa an share, wannan kaɗai ne yake da gobe. Kuma na san kaina. Duk surutun da nake yi a kan bencin nan yake tsirowa. Idan jirgin ya sauka, aka ce labari ya ƙare, me zan ce wa mutumin nan da la'asar? Ina jin shirun nan yana jira na a bakin ƙofa kamar mai bin hanya da ya san gidan.

Na shiga dabaru. Yau in ce kaina yana ciwo, gobe in ce ban gane babin jiya ba a maimaita. Shi ma bai yi gardama ba, sai ya mayar. Duk da haka babi yana bin babi.

Ana cikin haka igiyar iyafis ɗin ta fara tsinkewa daga gindi. Ya naɗe ta da salatif, ta yi kwana biyu ta koma yankewa, murya tana zuwa tana ɗaukewa. Na ce ya gyara da kyau, ya ce zai duba. Na san wannan "zai duba" ɗin, fankar falo ma dubawa ake yi. Ranar da ya tafi taron dattawan coci, na ƙulle wayar da iyafis ɗin a bakin zani, na hau bas daga Samaru, muka bi ta Palladan muka gangara Sabon Gari.

Shagon Chuks ɗan ƙarami ne, cike da caja da bawon waya har rufi. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu da ke taƙama da ita. Da ya gan ni ya taso da sauri ya share mini kujera.

"Mama, ke da kanki? Ai da kin aiko na zo."

Na kwance bakin zani. Da ya ga farin iyafis ɗin ya ɗauka, ya juya shi a hannu. "Ni na sayar masa," ya ce. "Ya ce in ba shi mai kyau, wai yana so ya ji jirgi kamar yana ciki." Ya share hanci, ya jawo fitilarsa, ya feɗe igiyar ya liƙe ta da dalma. Bai daɗe ba ya gama.

"Gwada ki ji, Mama." Kafin in kai hannu ya sa mini duka biyun, dama da hagu, ya kunna.

Ban taɓa sa biyun ba. Wani ya taho da gudu daga hagu, ya ratsa ta tsakiyar kaina ya fita ta dama, har na waiga in ga ko waye. Haldo yana nan a damana yana mitarsa. Amma a hagu, kusa, kusa sosai, ga wata mace tana magana ƙasa-ƙasa, muryarta a gajiye. Kyaftin Sefa ce. Matar da na yi watanni ina zagi daga bayan katanga, ga ta a kunnena tana numfashi.

Na cire ɗaya, ta koma nesa. Na mayar, ta dawo. Na cire ɗayan, Haldo ya koma can ƙarƙashin ƙasa.

"Chuks, ka ɓata abin nan."

Ya yi dariya. "Haka aka yi shi, Mama. Da gangan ne. Mutanen saman jirgi a hagu, na ƙasa a dama, mai karatu a tsakiya. Idan kunne ɗaya kika sa, rabi kike ji." Ya dube ni. "Baba bai gaya miki ba? Ai shi ya koya mana wannan, ni da Othniel, muna yara. Da tsohuwar rediyonsa mai sifika biyu, yana cire waya ɗaya muna jin ganga ta ɓace."

Na nuna wayar. "Sifikar wayar fa? Ya ce ta mutu."

"Lokacin da na buɗe masa tana aiki." Ya kwance bayan wayar, ya kara ta a fitila, sai na ga yana ƙoƙarin haɗiye murmushi. "Mama, no vex, kada ki ji haushi. Ba mutuwa ta yi ba, cire ta aka yi. Kuma hannun da ya cire ya san aiki, ko ƙwarzane babu."

"Mayar da ita," na ce.

A bas ɗin dawowa ban ga hanya ba don haushi. Man zaitun nawa na ƙarar a kunnen da lafiyarsa ƙalau? Na tsaya gaban matan coci, na sa an yi addu'a har da "Amin" sau uku a kan cutar da babu ita. Na yi wata da watanni ina yi wa mutum ihu a cikin gidansa yana gyaɗa kai. Ni malamar makaranta, da na kama yara masu satar amsa ba adadi, wani tsoho mai gyaran rediyo ya zaunar da ni a benci ya yi wasa da hankalina.

Da la'asar ya jawo benci kamar kullum, ya zauna a wurinsa. Ni kuwa na ɗauko kujerar roba na ajiye a ɗaya ƙarshen barandar. Na sa wayar a kan turmi a tsakaninmu, na danna. Murya ta fito fili, kowa da kowa a wuri ɗaya, Haldo da Kyaftin da injuna.

Ya dubi wayar, ya dube ni. Ya naɗe hannuwansa a cinya.

Muka ji babin daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya tsayar, don babu abin tambaya. Duk abin da na ji ya ji, duk abin da ya ji na ji. Da mai karatu ya yi shiru, na buɗe baki in ce wani abu, na rasa abin cewa. Me zan gaya masa wanda bai sani ba? Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Muka zauna, shi can ni nan, har duhu ya fara, na tashi na shiga kicin. Da na kawo abinci, sai na ga hannuna ya ɗauki cokali zai ƙwanƙwasa tebur. Na ajiye cokalin a hankali.

Washegari na sake ajiye wayar a kan turmi, amma ban kunna ba. Saura babi ɗaya tak.

"Ka sani tun farko," na ce.

"Na sani."

"Kai ka cire sifikar."

"Ni ne."

"Ka kwanta na yi ta ɗura maka mai a kunne kamar ɗan akuya."

"Man da ɗumi," ya ce. "Kuma an daɗe ban kwanta a cinyarki ba."

Na so in yi dariya, na hana kaina, don ban gama ba. "Fankar falo fa? Ita ma wata dabarar ce?"

"A'a. Wannan lalaci ne kawai."

Dariyar ta ƙwace, amma ta fito tare da hawaye, ban san wanne zan share ba. Ya jira na natsu. Sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa, idonsa a kan turmin.

"Na rasa yaro, sai na ga zan rasa muryarki ita ma. Kin san ni ban iya lallashi ba. Fasto ya yi, Elizabeth ta yi, ba ki ce komai ba. Ni abin da na iya na'ura ce. Na ce idan na ba ki rabi na riƙe rabi, dole wata rana ɗayanmu ya tambayi ɗaya." Ya ɗago. "Sifika na ɓoye miki, amma ban yi miki ƙarya a kan Haldo ba. Ban ji shi ba. Ko sau ɗaya ban sa biyun ba, ko kina kasuwa. Duk abin da na sani game da tsohon nan, daga bakinki na ji shi."

Haushin yana nan, amma ya rasa wurin zama. Sai tsoron ya taso a madadinsa, na faɗe shi yadda yake.

"Ko ma dai mene ne, ya ƙare. Babi ɗaya ya rage. Idan muka ji shi, shi ke nan, babu sauran abin Othniel da ban gama ba. Kuma ina tsoron in koma yadda nake."

"Wa ya ce ya ƙare?"

"Ga shi nan a waya, ka duba."

"Ke ba ki taɓa jin Kyaftin ba, sai abin da na gaya miki. Ni ban taɓa jin Haldo ba. Rabi kika ji, rabi na ji." Ya shafa wurin da nake zama a bencin, inda katakon ya yi santsi. "Na ajiye wannan ne sai ranar da muka kai ƙarshe. Na ce ranar zan ce miki mu canja wuri, mu koma littafi na farko. Chuks ya riga ni."

Na dubi wayar a kan turmi. Jeren nan mai tsawo da na yi ta kallo yana raguwa, ashe yana nan cur, ban taɓa ɗaya gefensa ba. Ɗana ya ji shi duka da kunne biyu. Mu iyayensa sai mun haɗu muke cika kunnuwansa.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko iyafis ɗin, na soka shi a wayar. Na gangara da yatsa daga babi na ƙarshe, na yi ta komawa sama har na kai na farko. Na ƙarshen yana nan, ba mu ji shi ba har yau, kuma ba ma sauri.

Na zo gaban benci na tsaya. Yana zaune a dama, wurinsa na kullum, yana kallona kamar ɗalibin da bai san ko an yafe masa ba.

"Baban Othniel," na ce, "matsa can. Wurina ka zauna."

Sai da ya fita na ji abin da na faɗa. Bai maƙale ba, bai yi zafi yadda na zata ba. Ya fito ne kamar kullum nake faɗinsa. Mijina bai motsa ba. Sai ya kai hannu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Sake faɗa," ya ce. "Kin san kunnen nawa."

Na sake faɗa. Ya matsa hagu, na zauna a dama, a wurin da ɗuminsa yake. Na sa ɗan kunnen a hagu, ya sa nasa a dama, kafaɗata ɗayar ta taɓa tasa. Jirgin ya tashi daga farko. Kyaftin Sefa ta shigo kunnena, yarinya ce ashe a lokacin, tana tsoro tana ɓoyewa, na ji kunyar zagin da na yi mata.

Ba mu yi nisa ba ya tsayar da wayar. Ya juyo yana dubana ta saman tabarau.

"Maman Othniel, wannan tsohon ba haka kika gaya mini ya ce ba. Kin ƙara gishiri."

Na ce ban ƙara komai ba, shi ne bai iya sauraro ba. Ya ce a mayar baya a ji. Na ce a mayar. Tuwon ranar ma bai sauka da wuri ba.